Shekarar da 'Yar Baffa Ta Zo Daga Gabas

Ranar Juma'ar da ta wuce na shiga wani shago a Kazaure zan sayi zare, sai na tarar mai shagon ta zuba turaren wuta a kasko, irin na 'yan Barno ɗin nan mai nauyi, wanda in ya kama tufa ko an wanke ba ya saki. Na tsaya a bakin ƙofa, na manta abin da ya kawo ni. A jikin wata yarinya na fara jin ƙamshin nan, yarinyar da na daɗe ina jin haushinta fiye da duk wani mahaluƙi a duniya. Ku zauna in ba ku labarinta, don ku yaran yanzu kuna jin zancen yaƙi a rediyo kamar abin da yake faruwa ga wasu mutane can. Mu har tsakar gidanmu ya zo, da ƙafafunsa a fashe.

Ƙauyenmu yana bayan Roni, a gindin duwatsu, in an ɗauki hanyar Gwiwa. Mahaifiyata ta rasu ina goye, ban san fuskarta ba, kuma ba ta bar hoto ba. Kaka, wato mahaifiyar babana, ita ta kwance ni daga bayan wata maƙwabciya ta ɗaura a nata bayan. Baba ya sake aure daga baya, yana sashensa da iyalinsa, yana noma da damina yana acaɓa da rani. Ni kuwa ta Kaka ce, kowa ya san haka. A bayanta nake kwana. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma duk ranar da aka yi matsa, tunkuzar farko mai ɗumi a tafin hannuna take sauka. Ba ta kiran sunana. "Ƙawata" take ce mini. "Ƙawata, miƙo mini ludayi." "Ƙawata, zo ki ɗanɗana gishirin nan." A zatona kalmar nan don ni kaɗai aka yi ta.

Baba yana da ƙane, Baffa, wanda ban taɓa gani ba sai ina jaririya. Malamin makarantar firamare ne, aiki ya kai shi can gabas, kusa da tafkin Chadi, ya auri Babarbariya, suka haifi 'ya mace sa'ata, da 'yan watanni kawai na girme ta. Duk Juma'a yakan kira wayar Baba, a kai wa Kaka ta riƙe da hannu biyu tana ɗaga murya kamar daga kan dutse take yi masa magana. Wata damina sai wayar ta daina shigowa. In Baba ya kira, a ce a kashe take. Kaka ta koma zama kusa da rediyo, ita da ba ta damu da labarai ba. In an ambaci gabas sai ta ɗaga hannu kowa ya yi shiru. Ni dai abin da na lura da shi, ƙuli-ƙulinta ya fara ƙonewa a kasko.

Lokacin cirar gyaɗa ne, tsakar gida cike da harawa, aka yi sallama da hantsi. Wani direban motar kifi ne, dattijo, ya riƙo hannun wata yarinya. An naɗe ta da laffaya ta manya, ta yi mata yawa har tana jan ƙasa, kuma daga laffayar nan ƙamshin turaren yake fitowa, gauraye da warin kifi da ƙura. Ba takalmi a ƙafarta. Dugaduganta sun tsage, jini ya bushe a ciki.

Aka kore ni ɗaki, na laɓe a bayan labule. Direban ya durƙusa ya gai da Kaka, ya daɗe yana gaisuwar, kamar ba ya son ta ƙare. Daga nan ya ce mutanen daji sun shigo garin su Baffa a kan babura, suna bi gida gida suna neman malaman boko da duk wanda ya sa ɗansa a makaranta. An gargaɗi Baffa tun kafin nan ya rufe aji, ya ƙi. A ƙofar makarantar suka same shi. Matarsa ta ɗauki yarinyar suka shiga daji tare da jama'a, suka yi ta tafiya a ƙasa, har suka kai bakin wani kogi. A wurin ƙetarewa aka fara harbi daga baya. Uwar ta cire laffayarta ta naɗe 'yar, ta miƙa ta cikin kwalekwalen da ya cika, ita ta tsaya jiran na biyu. Ba wanda ya ga na biyun ya iso.

"Sunan garinku kaɗai take maimaitawa, Hajiya," in ji direban. "Shi ya sa na ce sai na kawo ta da hannuna."

Kaka ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta yi salati, ta yi masa godiya, ta sa aka ɗebo masa gyaɗa. Sannan ta jawo yarinyar ta zaunar da ita a cinyarta, wurin da ba wanda yake zama sai ni, ta ɗaga ƙafafun tana dubawa. Ta ce, "Sannu, ƙawata. Kin iso gida."

Ina bayan labule na ji kalmar nan ta fita daga bakinta zuwa kunnen wata. An faɗi mutuwar Baffa ban ji komai ba, don ban san shi ba. Wannan kuwa na ji ta har cikin cikina.

Daga ranar komai ya juya. Aka shimfiɗa mini tabarma a ƙasa, baƙuwa ta hau gado bayan Kaka, wai tana firgita in ba ta ji jikin mutum ba. Safe da yamma Kaka takan dafa ruwa ta gasa mata ƙafafu, ta shafa man kaɗanya a hankali, tsaga bayan tsaga, tana hura mata iska da baki. Matan ƙauye suka yi ta zuwa gaisuwa, kowace da abin hannunta. Wannan ƙwan zabi, waccan ɗan zane. Matan rugar da ke bayan dutse, dangin Kaka ta wajen uwa, suka riƙa aiko da kindirmo a ƙaramar ƙwarya, a ce na marainiya ne. In sun shigo sai su tsallake ni kamar turmi, su wuce wurinta. Ita ko kallonsu ba ta yi. Tana zaune a lungu da laffayar nan, ta ƙi yarda a wanke, in an matsa mata da magana ta amsa da kalma ɗaya, da wata irin Hausa mai lanƙwasa da ban taɓa ji ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babur ɗin Baba. Da can kullum da safe a ƙofar gida yake tayar da shi, in hau gaba in riƙe madubi, ya sauke ni a makaranta yara suna kallo. Washegarin zuwanta da ya taka shi ya yi ƙara, sai muka neme ta muka rasa. A ƙarƙashin rumbu aka same ta, ta cusa kanta tsakanin duwatsun da aka ɗora shi a kai, ta toshe kunnuwa. Tun daga nan Baba ya daina tayar da babur a gida. Da asuba yake tura shi da hannu har bayan gari, can wajen bishiyar kuka, sannan ya taka. Ya bi sauran masu babur na unguwa ya roƙe su, su ma suka riƙa kashewa in sun zo wucewa ta ƙofarmu. Mutanen gari suna ta yaba wannan abu. Ni kuwa na koma tafiya makaranta a ƙasa, ina harbin duwatsu a hanya ina ƙunƙuni.

Kada ku yi mini dariya in na gaya muku abin da na yi. Na ɓoye silifas ɗina a cikin harawa, na riƙa hawa dutse da tsakar rana ba takalmi, ina goga dugadugaina a kan tsakuwa, don nawa ma su tsage. Da ƙyar na samu ɗan faso guda. Na zo ina ɗingishi na miƙa wa Kaka ƙafa. Ta duba, ta dube ni, ta ce, "Ina takalminki? Je ki nemo shi kafin in tashi." Ko ɗigon man kaɗanya ban samu ba.

Da sanyi ya shigo ƙafafunta suka warke, ta fara fitowa tsakar gida tana taya Kaka murje gyaɗa. Kaka ta ce yarinyar ba za ta je makaranta ba, makaranta ta cinye mata ɗa, ba za ta ƙara ba ta jika ba. Na ji daɗin wannan hukunci ƙwarai. Ko ba komai, aji nawa ne ni kaɗai. Amma wata safiya ina tafiya sai na ji taku a bayana. Ita ce, ta ɗora faranti a ka an rufe da ƙyalle, kamar mai talla. Da muka isa ta buɗe, ba komai a ciki sai tsohon littafina na bara da guntun fensir. Ashe haka suke yi a garinsu tun da aka fara farautar 'yan makaranta, su fito kamar masu talla, sai sun shiga aji su sauke faranti.

Da muka dawo Kaka tana tsaye a zaure da mayafi a hannu, ta gama zagaye gari tana nemanta. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai yarinyar ta riga ta. Ranar na fara jin ta yi doguwar magana.

"Kaka, babana bai rufe ajinsa ba. In na zauna a gida, sun rufe ke nan."

Kaka ta juya ta shige ciki da mayafinta. Ranar kasuwar Roni ta sayo yadi, aka ɗinka mata kayan makaranta sababbi fil. Nawa sun koɗe, hijabin har ya fara yagewa a haɓa. Kafin ƙarshen zangon, ni da nake zuwa ta ɗaya tun aji ɗaya na koma ta biyu. Malaminmu ya tsayar da ita a gaban aji ya ce mu yi koyi da ita. Na dawo gida na ƙi cin tuwo.

Akwai abu guda da ba ta bari ya wuce ta. Duk ranar kasuwa sai ta roƙi Kaka ta tafi da ita, ba don kasuwar ba, don tasha. Takan tsaya inda motoci suke sauke fasinja, ta bi kowace mace da kallo har motar ta zama wayam, sannan ta jira ta gaba. Da ni ake zuwa kasuwa a da, ni nake riƙe kwalaben mai. Yanzu aka bar ni gida ina gadin shanya kada awaki su ci. Manya suka fara cewa a daina wahalar da yarinya, uwar nan ta riga mu gidan gaskiya, a yi mata addu'a a raba sadaka. Aka yi. Aka daka gumba aka raba wa yara. Ita ta ƙi karɓa, ta maƙale hannuwanta a baya ta ce, "Ba ta mutu ba. Cewa ta yi in yi gaba tana zuwa."

Ranar ce na kasa haƙuri. Kaka tana matsar mai a turmi, na tsaya a kanta na ce, "Ni ma ai ba ni da uwa. Wa ya taɓa kawo mini ƙwan zabi?"

Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da juya muciya. Can ta ce, "Ke kin san inda taki take kwance. Ita kullum sai ta binne tata da daddare, ta tono ta da safe. Bar ta ta ci ƙwan."

Ban gane ba a lokacin. Abin da na gane shi ne an sake zaɓenta.

Damina ta zo ta wuce, aka sake cire gyaɗa, aka shiga bazara. Wata rana da la'asar, zafi ya sa kowa ya fito inuwar darbejiya a tsakar gida, muna ɓarar gyaɗar iri mu uku. Sai muka ji ƙarar babur ya nufo gidanmu bai kashe ba, har ƙofa. Baƙon ɗan acaɓa ne, bai san dokar unguwa ba. Na ga kafaɗunta sun ɗaga, gyaɗar hannunta ta zube, amma ba ta gudu ba, don a lokacin ta fara koyon zama. Kaka ta miƙe za ta je ta yi masa magana. Kafin ta kai zaure wata mata ta shigo, doguwa, baƙa, ramammiya har ƙasusuwan wuyanta sun fito, da ɗan ƙunshi a leda. Ta yi sallama da irin Hausar nan mai lanƙwasa. Ta ce, "Don Allah, nan ne gidan mai man gyaɗa, wadda ɗanta yake koyarwa a gabas?"

Ban ga tashin yarinyar ba. Na dai ji tiren gyaɗa ya kife, na ji ta ƙwalla, "Ya! Ya!" Haka Barebari suke kiran uwa. Matar ta zube a kan gwiwoyinta. Suka ƙanƙame juna a cikin ɓawon gyaɗa, uwar tana shafa kanta, tana shafa kunnuwanta, tana ɗaga ƙafafunta tana dubawa, tana magana da yarensu ba tsayawa. Daga baya muka ji labarin. Mutanen dajin sun kama ta a bakin kogin tare da wasu mata, ta daɗe a hannunsu tana yi musu girki, har wata rana da aka aike su itace ta ƙi dawowa. Ta faɗa Nijar, ta zauna a sansanin 'yan gudun hijira, ta yi wankau da surfe ta tara kuɗin mota. Ta shigo ta Babura, ta bi Kazaure, ta zo Roni tana tambaya ƙauye ƙauye. Ba ta taɓa zuwa garin mijinta ba. Abin da ta sani kawai, sunan garin, da cewa uwarsa tana yin mai.

Gida ya cika maƙil. Mata suna kuka suna guɗa lokaci guda. Ni na zame na zaga bayan rumbu na zauna. Duk kishin da na yi a baya, na gado, na ƙwai, na yadi, ashe wasan yara ne. An yi wa matar nan addu'ar mamata, na ci gumbar sadakarta da bakina, ga ta kuma ta shigo da ƙafarta. To in haka ne, me ya hana tawa?

Kwanaki ina sauraron hanya. Duk babur ɗin da ya rage gudu sai gabana ya faɗi. Wata safiya Kaka tana soya gyaɗa na zauna kusa da murhu, na daɗe ina tona ƙasa da tsinke, sannan na ce, "Kaka, kun tabbata kun ga lokacin da aka binne ta? Ko dai cewa aka yi?"

Ta sauke kaskon daga wuta, abin da ba ta taɓa yi a tsakiyar suya ba. Ta ce, "Ni na yi mata wanka, ƙawata. Da hannun nan." Ta jawo ni jikinta. Na yi girma da cinya, ƙafafuna suna jan ƙasa, amma ta ɗora ni. Na yi kukan da ban taɓa yi wa mahaifiyata ba, gyaɗar ta huce a kasko ta ƙi soyuwa.

Ban san matar Baffa tana bayanmu tana ji ba. Ranar Juma'a ta shimfiɗa tabarma ta ɗauko mataji da tsinken kitso. 'Yarta ta zo da gudu ta kwance ɗankwali. Uwar ta ture ta gefe da gwiwar hannu, ta yafito ni.

"Ke, zo. Babba ake fara yi wa."

Na ce kaina ba ya buƙata. Ta ce ba tambayata ta yi ba. Na zo ina ɗaure fuska na zauna tsakanin gwiwoyinta. Hannunta yana da kaushi, kuma tana jan gashi ba tausayi, amma in ta gama layi sai ta dafa goshina da tafinta ta juya kaina a hankali. Ta yi mini kitson Barebari ƙanana ƙanana, tun hantsi har aka kira salla. Da na saci kallo gefe sai na ga 'yar Baffa ta haɗa rai, ta turo baki, tana karya tsinken tsintsiya guntu guntu. Can ta ce, "Ni da na jira ki a tasha, ni ce ta biyu?" Wallahi wani daɗi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa. Na gyara zama, na ƙara jingina da ƙirjin uwarta.

Yau Kaka ba ta duniya. An daina matsar mai a turmi a gidanmu, inji yake yi a Roni, an shafe tsakar gidan da siminti, masu babur suna wucewa da ƙararsu ba wanda yake ɗagowa. Garin su Baffa an ce mutane sun fara komawa, amma matarsa ta ce ita ta gama tafiya. Tana nan a ɗakin Kaka. 'Yarta tana koyarwa a wata firamare a Gwiwa, 'yan aji ɗaya take ɗauka. Ni ina aure a Kazaure, ina ɗinki.

Bara da na zo haihuwar fari, aka tsaya shawarar inda zan je wankan gida, tunda ba ni da ɗakin uwa. Matar Baffa ba ta shiga shawarar ba. Ta aiko Baba da saƙo cewa ta riga ta sayi itace. Ita ta dafa mini ruwa safe da yamma, ita ta dama mini kunun kanwa, ita ta riƙa karɓar jaririn in ya hana ni barci. Ban san ranar da na fara ce mata Ya ba, bakina ne ya yi da kansa. 'Yar Baffa ta zo ranar suna ta tarar tana gasa mini baya da tawul, ta tsaya a ƙofa ta riƙe ƙugu.

"To, ina nan ina kallo," ta ce. "In nawa ya zo, zan ga ko za a yi mini rabin wannan."

Ita Ya ko juyowa ba ta yi ba. Ta matse tawul ɗin ta ce, "Ki jira layinki. Babba ake fara yi wa."